Wanda Ya Hana Juwaira Karatun Tarjama

Akwai magana ɗaya da ku yaran gidan nan kuka taso da ita a baki kamar karatun sallah, wai marigayi Alhaji Bukari ne ya hana 'yata Juwaira karatun tarjama. Na ji kuna faɗa da Hausa, na ji kuna faɗa da Larabci in kuna zaton ba na bin zancen, alhali na riga wasunku jin Larabcin tun ba a haife ku ba. Ba haka aka yi ba. Shekaru sun ja, gwiwa ta ƙi, likita ya hana ni gishiri ya hana ni sukari, numfashi kawai ya bar mini, don haka gara in gyara maganar nan tun hannuna yana iya riƙe biro. Ku yi haƙuri da rubutuna, firamare kawai na yi a Gumel, ita ma ban ƙarasa ba.

Sai na fara da yadda muke zaune, don wanda bai san wannan ba ba zai gane sauran ba. Ni da mahaifin Juwaira, Malam Isa, Umara muka zo muka ƙi komawa. Wato mu ne ake kira takari, sunan da kuke jin kunyarsa yanzu. Yayata Hansatu ta riga mu zuwa da daɗewa, ta hanyar Sudan, ita da mijinta Alhaji Bukari, kuma su suna da igama, takardar izinin zama, domin shi direban bas ne a unguwar Kudai, nan cikin Makka. Suka ba mu ɗaki ɗaya a gidan da suke haya a unguwar Zahir. Ina da ciki wata bakwai aka kama Malam Isa a bakin kasuwa aka mayar da shi gida, bai cika shekara a can ba aka aiko mana da rasuwarsa. Da na haihu, a ɗaki, a hannun ungozoma, Alhaji ya je ya rubuta jaririyar a takardarsa a matsayin 'yarsa. Ba a kanmu aka fara ba. A lokacin haka ake yi a unguwa, mai takarda ya rufe ɗan marar takarda don yaro ya samu makaranta da asibiti. Tun daga ranar Juwaira ta zama mai uwa biyu. A cikin gida ni ce Inna. Da an taka bakin ƙofa Hansatu ce uwa, ni kuma Khala, wato ƙanwar uwa. Kafin yarinyar ta iya ƙirga ɗaya zuwa goma ta iya wannan, kuma ba ta taɓa kuskurewa ba ko sau ɗaya.

Sana'ata tuwo ce. In alhazan gida suka cika gidajen haya na Kudai, suka gaji da shinkafar Larabawa, wurina suke zuwa neman tuwon masara da miyar kuka. A waje kowa ya san Talatu mai tuwo da baki, ban barin ta kwana, har Alhaji Bukari yakan ce in da ana ba da igama da surutu da tuni na zama 'yar ƙasa. Shi kuwa ba ya kirana sai Hajiya Takari, wasan miji da ƙanwar mata. Ina dariya, amma ku sani shekara ashirin ban taɓa jin mota ta tsaya a ƙofar gida ban ruga ɗaki na ɓuya ba. Ban taɓa bin hanya ɗaya sau biyu a jere ba. Ciwon haƙori ya taɓa kwantar da ni wata guda, na yi ta tauna kanumfari, don kawai kada in je inda za a ce mini ina katinki. Bakin nan da kuka san ni da shi rufi ne kawai, a ƙarƙashinsa matsoraciya ce.

Juwaira ta gama sakandare da sakamakon da ya sa Alhaji ya yanka rago. Babbar jami'a ba ta samu ba, sai wata 'yar ƙaramar kulliya, wato kwaleji, ta mata zalla, wadda wata attajira ta gina ta yi waƙafi, take ɗaukar 'ya'yan baƙi masu igama kaɗan kyauta. Kowa ya yi murna, ni ma na yi guɗa. Da la'asar ta zauna a tabarma da ɗan littafin kulliyar tana karanta mana, ni ina tankaɗen kuka. Shekarar farko kowa tare, a ɗan taɓa tarihi, a ɗan taɓa nahawu, a ɗan taɓa lissafi da Turanci, don ɗaliba ta ɗanɗana kafin ta zaɓa. Daga nan sai a rabu. Akwai adabin Larabci, akwai tarihi, akwai ilimin zamantakewa, akwai tarbiyyar ƙananan yara, akwai tarjama. Mai gaggawa ta yi difloma shekara biyu ta fita, mai dogon buri ta yi digiri shekara huɗu. Har ana iya haɗa fanni biyu, babba da ƙarami.

"Wato tuwo da miya," na ce.

"Haka ne, Inna, amma wannan tuwon ba a ɗumamensa," in ji ta.

Muka yi dariya. Sai ta karanto inda suke yabon kansu, wai ajinsu bai wuce mutum goma sha biyu ba, wai kowace malama ta san kowace ɗaliba da sunanta, ta san gidansu, ta san iyayenta. Juwaira tana karantawa tana jin daɗi. Ni kuwa rariya ta tsaya a hannuna. Abin da suke tallar makarantarsu da shi, shi ne abin da na yi shekara ashirin ina gudu. Ni babbar jami'a na so, inda mutum zai shiga ya fita babu wanda ya san kakarsa.

Shekarar farko ta wuce ina ɗari-ɗari. Kullum ta dawo da labarin wata Ustaza Munira, shugabar sashen tarjama, wadda ke shan shayi da ɗalibai a ofishinta tana tambayarsu labarin gida. Duk sanda na ji sunan matar nan sai in tambayi Juwaira, me kika ce mata, me ta ce miki, har yarinyar ta gaji da ni. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wata rana Ustazar ta ce kowace ɗaliba ta kawo tatsuniya daga gidansu ta mayar da ita Larabci. Juwaira ta kai wadda nake mata tana ƙarama. Daga nan Ustaza ta gane yarinyar tana da Hausa gangariya, ga Larabci ga Turanci, ta riƙe ta ta ce ba ta taɓa samun ɗaliba irinta ba, kuma duk shekara asibitocin Mina cike suke da tsofaffin alhazanmu da ba su iya faɗin inda ke musu ciwo ba.

Wannan Juwaira ta riga ta sani. Tun tana shekara goma sha biyu, alhazan da ke zuwa cin tuwo sukan zo da takardun magani a ƙulle a gefen mayafi, ita ke zama ta karanta musu, wannan kafin abinci, wannan bayan abinci, wannan ba a haɗa shi da wancan. Tsofaffi su yi ta sa mata albarka. Ba wani ne ya cusa mata tarjama ba, a gindin tukunyata ta koya. Da ta ce ita digirin tarjama za ta yi, ta haɗa da tarihi a matsayin ƙarami, ban yi mamaki ba.

Ƙarshen shekara aka sa ranar zaɓen fanni, aka ce kowace ɗaliba ta zo da mahaifiyarta. Hansatu ce za ta je, ba musu. Amma Juwaira ta kafe sai na bi su.

"Inna, sau ɗaya dai ki ga inda nake karatu. Mata ne zalla, babu askar, babu kowa."

Askar shi ne ɗan sanda, kuma ta san shi ne abin da nake tsoro. Na sa abaya da niƙabi na bi su. A bakin ƙofa akwai mace mai gadi da babban littafi, tana rubuta suna da lambar kati. Hansatu ta miƙa nata katin, ta nuna ni da haɓa ta ce 'yar'uwata ce, tare muke. Matar tana waya, ta ɗaga mana hannu muka wuce. Makarantar kuwa gida ne mai hawa uku da 'yar farfajiya da bishiyar darbejiya, 'yan mata zaune a inuwa da littattafai. Wuri ne mai kyau, amma ban gan shi da idon kirki ba, ƙofofi nake ƙirgawa.

Ustaza Munira doguwa ce mai gilashi, mai fara'a, ta tarbe mu da gahawa da dabino. A cikin ofis mata kan ɗage niƙabi, Hansatu ta ɗage, ni ma dole na ɗage. Ustaza ta dube ni, ta dubi Juwaira, ta sake duba na.

"Subhanallah," ta ce da Larabci, tana murmushi. "Ai ta fi kama da Khala. Har wushiryar."

"Jini ne, ya Ustaza," in ji Hansatu. "Mahaifiyarmu suka ɗauko su biyun."

Ustaza ta yi dariya ta wuce zancen. Wallahi matar nan ba ta nufin komai, yau na san haka. Amma a ranar na ji kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Ta tambayi wanda ya koya wa Juwaira Hausa, yarinyar ta ce Khala, sai Ustaza ta kama hannuna ta ce lalle wata rana in zo aji in ba ɗalibai labarin ƙasarmu su ɗauka a rikoda. Na ce in sha Allah. Daga nan ta jawo takardu ta shiga bayani. Tarjama shekara huɗu ce. A shekara ta uku ɗalibai kan yi aikin gwaji a asibitin mata na Mina lokacin aikin Hajji, kuma babu mai shiga sai da takardar izini. Ta nuna mana fom ɗin neman izinin, ta ce tun yanzu ake cika shi a ajiye a fayil. A shafi na biyu akwai layuka, a rubuta sunan duk wanda ke kwana a gidan ɗaliba da lambar katinsa, waliyyi ya sa hannu cewa bai bar kowa ba. Sauran fannonin babu wannan, tarjama ce kaɗai.

A mota Juwaira ta yi ta zancen fom ɗin. Ita ma ta ga shafin, ba yarinya ba ce. Da muka isa gida ta kai wa Alhaji fom ɗin ta nuna masa layukan. Ya duba ya ninke ya sa a aljihu.

"Takarda aikina ce, ke karatu ne naki," ya ce. "Bar mini wannan, na san yadda zan yi."

Ta yarda, don bai taɓa ce mata zai yi abu ya kasa ba.

Kwana uku ina juya maganar fom ɗin a raina. A unguwa na ɗan bugi cikin mata, kowa da abin da ta ji. Wata ta ce ana zuwa gida a duba, wata ta ce maƙwabta ake tambaya, wata ta ce wani ɗan Chadi daga irin wannan fom ɗin aka kwashe gidansu kaf. Babu wadda ta gani da idonta, amma duk na ɗauka na haɗiye. Ran Laraba da hantsi, Juwaira tana makaranta, Alhaji bai fita aiki ba, ya kira ni da Hansatu falo. Ranar bai ce mini Hajiya Takari ba.

Hansatu ta fara. Ta ce kawai kada a rubuta sunana a fom ɗin, wa zai sani. Alhaji ya ce in aka zo aka same ni bayan ya sa hannu, ba ni kaɗai za a ɗauka ba, za a tono haihuwar Juwaira, igamarsa ta tafi, 'ya'yansa su bi. Amma ya ce akwai hanya biyu. Ko in koma can bayan dutse wurin matan da ke zaune ba takarda, in yi shekara uku, in riƙa zuwa da rana kamar baƙuwa. Ko kuma, tunda a lokacin gwamnati ta yi afuwa, duk marar takarda yana iya miƙa kansa ya fita ba ɗauri ba tara, in tafi gida. Shi zai sayi tikiti, zai gina mini ɗaki a Gumel, in Juwaira ta gama ta kama aiki ta riƙa zuwa ganina.

"Yarinyar nan Allah ya ba ta abin da bai ba nawa ba," ya ce. "Ni na yarda ta yi. In gidan ya zama babu abin ɓoyewa, yau zan sa hannu. Saura ke, Talatu."

Kun ji. Ya yarda. Wannan ita ce maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Na so in ce muku na yi dogon tunani, amma ƙarya ce. Kafin ya rufe baki na san amsata. Bayan dutse nan ne ake kame duk wata, na ga matan da aka ɗauka da ƙullin tuwo a hannu. Gida kuwa, wane gida? Iyayena sun rasu, ɗakin mahaifiyata ya rushe, waɗanda suka san ni sun ƙare. In na miƙa kaina za a ɗauki zanen yatsuna, ƙofar Makka ta rufe mini, kuma a takarda ni ba uwar Juwaira ba ce balle ta nema mini hanyar dawowa. Na ce musu ina tsoron in mutu nesa da Harami. Na ce ina tsoron rabuwa da 'yata. Duk gaskiya ne, amma ba su ne a gaba ba. Abin da ke gaba shi ne ba zan iya tsayawa a gaban mai kaki in buɗe baki in ce ga ni ba. Na durƙusa a gaban mijin yayata ina kuka, na ce ba zan iya ba, ko ɗaya ba zan iya ba.

Sannan ya ce to shi ke nan, sai a gaya wa Juwaira gaskiya, yarinya ce mai hankali, za ta haƙura saboda uwarta. Nan ne na yi abin da ya fi na farkon muni. Na san za ta haƙura. Amma na san kuma duk ranar da ta dube ni za ta ga matar da aka ba zaɓi tsakanin zamanta da karatun 'yarta, ta zaɓi zamanta. Idon nan na ji tsoro kamar yadda nake tsoron askar.

"Alhaji, ara mini bakinka," na ce. "Ka ce kai ne ka hana. Ka ce saboda cuɗanya da maza a Mina."

"Talatu, ki ji tsoron Allah," in ji Hansatu. "Mutumin nan me ya yi miki?"

Alhaji ya ɗaga mata hannu. Ya dube ni, idonsa ya yi ja.

"Yarinyar nan a wuyana ta yi wayo," ya ce. "Kin san abin da kike roƙo?"

Na ce na sani. Ban sani ba, ko kuma ban so in sani ba. Ya ce ni uwa ɗaya gare ta ta gaskiya, in ta tsane ni ba ta da inda za ta kai kukanta, shi kuwa namiji ne, zai iya ɗauka. Ya tashi ya shiga ɗaki, ranar bai ci abincin rana ba.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, an ci abinci, ya kira ta. Ina zaune a gefe ina tsince shinkafa don in samu inda zan sa idona. Ya ce ya yi tunani, 'yarsa ba za ta je Mina tana gogayya da maza ba, ta zaɓi wani fannin. Juwaira ta yi zaton wasa ne, don mai wasa ne. Da ta ga fuskarsa sai ta gyara zama.

"Baba, asibitin mata ne fa. Kai ma duk shekara a Mina kake aiki, ka san wurin."

"Don na san shi na hana."

"Wallahi, Baba, ba haka kake ba. Fom ɗin ne? Saboda Inna ne? In saboda ita ne ka faɗa mini, halas, shi ke nan, na bari da zuciya ɗaya."

Shinkafar ta zube daga hannuna. Ga ƙofa ta buɗe mini da kanta, kalma ɗaya ta isa. Alhaji ya ɗan jira, na san ni yake jira. Ban ɗaga kai ba.

"Innarki ba ta ciki," ya ce. "Fom na gyara shi tuni. Ni ne ban yarda ba, kuma na gama magana."

Ta juyo wurina, hawaye na zuba.

"Inna, ki sa baki mana."

"Abin da Babanki ya ce shi ne," na ce.

Da yamma na bi ta ɗaki na rungume ta, na shafa kanta, na ce ta yi haƙuri, halin maza ke nan, ba a iya musu. Ta yi kuka a ƙirjina tana cewa ni kaɗai ce mai sonta a gidan nan. Na karɓi wannan maganar na riƙe, kuma na ji daɗinta. Ku rubuta wannan ma a kaina.

Na zaci za ta ɗauki tarihi ko adabi ta yi digirinta. Ta ƙi. Ta ce in ba tarjama ba, a ba ta mafi gajarta ta gama ta huta. Ta cika difloma ta tarbiyyar ƙananan yara. Ustaza Munira ta bugo waya gida sau uku tana neman ta yi magana da waliyyi, har ta ce za ta zo da kanta, ni na hana Hansatu ɗauka har matar ta gaji. Juwaira ta gama shekara biyunta, ta kama koyar da yara 'yan shekara huɗu, ta yi aure, ta haifi wasunku. Aikin ba abin kunya ba ne, kuma ta riƙe shi da amana. Amma daga shekarar nan ba ta sake karanta wa alhaji takardar magani ba, in sun zo sai ta shige ɗaki. Kuma daga ranar Juma'ar nan ba ta sake ce wa Alhaji Bukari Baba ba. Alhaji take ce masa, kamar baƙo. Tana gaishe shi a tsaye, ba ta taɓa yi masa rashin kunya ba, ba ta kuma taɓa zama kusa da shi ba. Ku 'ya'yansa kuka bi bayanta, kuna ce masa mai tsattsauran ra'ayi. Shi kuwa ya ci gaba da sayo mata rumman duk ranar da ya ji za ta zo, ya ba Hansatu ta ba ta.

Bayan wasu shekaru 'yar maƙwabtanmu ta shiga kulliyar nan ta yi tarjama. Kakarta a gidan take, ita ma ba takarda. Ba su rubuta sunanta a fom ba, yarinya ta yi Minanta ta gama, babu wanda ya ƙwanƙwasa musu ƙofa. Ban ce da mu ma haka za a yi ba, Allah kaɗai ya sani. Amma ranar da na ji labarin na shiga bayi na yi amai.

Hansatu ta riga Alhaji rasuwa, ta tafi da maganar a cikinta saboda ni. Da ciwon Alhaji ya yi tsanani aka dawo da shi gida daga asibiti, ni ke jinyarsa da rana. Wata safiya ya kira ni, muryarsa ta shige.

"Hajiya Takari," ya ce, yana ƙoƙarin murmushi. "Yau Juwaira za ta zo. Ki gaya mata. Ba don komai ba, so nake ta ce mini Baba sau ɗaya kafin in tafi."

Na ce wallahi zan faɗa. Na rantse masa. Da hantsi ta zo, ta tsaya a bakin gado ta ce, "Alhaji, ya jiki?" Ya ce da sauƙi, ya juyo da ido wurina. Na buɗe baki, na ji zuciyata tana bugawa har cikin kunnena, irin bugun da take yi in mota ta tsaya a ƙofa.

"Juwaira," na ce, "miƙo masa zamzam."

Ta miƙo. Ya sha kurɓi ɗaya, ya dube ni, ya rufe ido. Bai sake yi mini maganar ba. Bayan kwana biyu ya cika, aka yi masa sallah a Harami bayan la'asar.

Yau babu mai tona ni, su biyun da suka sani sun tafi. Da na yi shiru da na mutu a matsayin Inna mai tausayi. Amma na kusa zuwa inda suke, kuma yanzu tsoron haɗuwa da Alhaji ya fi mini tsoron idon kowa. Ku 'ya'yansa, ubanku bai hana kowa karatu ba, ku daina faɗa, ku gaya wa 'ya'yanku su daina.

Ke kuma Juwaira, na san da kin karanta wannan za ki so ki je inda yake. A garin nan ba a sa wa kabari suna, ko 'ya'yansa maza da suka kai shi ba za su iya nuna miki wurin ba. Na hana ki karatunki, na kuma hana ki wannan. Ki yi masa addu'a, ki kira shi da sunan da ya roƙa. Fushin da kika riƙe masa duk shekarun nan ba nasa ba ne, nawa ne, ki kwaso shi duka ki kawo mini nan Zahir. Har yanzu tsoro nake ji, amma ki zo.